Yadda Ake Auna Ingancin Bayanin Kayan Aiki ga Wakilin Ƙirƙirarriyar Basira

Wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ake ɗora wa aiki ta je ta zartar da kanta, ba ya ganin abin da ke cikin kayan aikin da aka haɗa shi da su, wato ƙananan manhajojin da yake kira su yi masa wani aiki. Abu uku ne kawai ake miƙa masa: sunan kayan aikin, bayanin abin da yake yi, da guraben da ake buƙatar a cike, waɗanda aka fi rubutawa da JSON Schema, wani tsari na fayyace irin bayanin da kowane gurbi yake karɓa. Haka lamarin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da hanyarsa ta kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, kuma haka yake a MCP, ƙa'idar haɗa wakili da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Don haka wakilin tamkar sabon yaron shago ne da aka aika da 'yar takarda, babu wanda zai tambaya a hanya.

Gwajin farko ba ya buƙatar kwamfuta. Ka ɓoye lambobin manhajar, ka ba abokin aikinka da bai san aikin ba bayanin kaɗai, ka ce ya faɗa maka yaushe zai yi amfani da kayan aikin da abin da zai zuba a kowane gurbi. Duk inda ya tsaya yana tambayarka, nan ne wakilin zai yi kirdado, domin shi sau da yawa ba ya tsayawa ya tambaya.

A ce wani ɗalibi a Samaru ya gina wa dillalin hatsi na kasuwar Sabon Gari kayan aiki mai suna duba_farashi, ya rubuta bayaninsa da cewa "yana kawo farashi". A ganin wanda ya rubuta, magana ta ƙare, amma wakilin bai san ko farashin buhu ake nufi ko na tiya ba, bai san ko na sari ne ko na sayen ɗaiɗai ba, bai kuma san ko na yau ne ko na makon jiya ba. Sunan wuri ma tarko ne, domin akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai kuma ƙaramar hukuma mai wannan suna a jihar Kano, kuma idan gurbin ya ce "unguwa" kawai, wakilin zai zaɓi wadda ta fara zuwar masa. Inda na fi so a tsananta bincike shi ne wajen kuɗi. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, alal misali, da kobo yake karɓar adadi, saboda haka idan bayanin bai faɗi hakan ba, wakilin na iya aika 5000 da nufin naira dubu biyar, a karɓi naira hamsin. Kwanan wata ma a bayyana tsarinsa tare da misali guda.

Sannan ka duba ko bayanin ya faɗi lokacin da bai kamata a taɓa kayan aikin ba. Idan akwai nemo_abokin_ciniki da nemo_mai_bashi a wuri ɗaya, wajibi ne kowanne ya nuna abin da ya raba shi da ɗan'uwansa. Wanda kuma aikinsa ba ya warwaruwa, kamar tura kuɗi ko goge lissafi, ya kamata ya faɗi haka ƙarara.

Bayan karatu sai gwaji na zahiri. Ka tara buƙatu ashirin zuwa talatin irin waɗanda dillalin zai rubuta da kansa, da Hausarsa da gajarce-gajarcensa, ko da an rubuta bayanin da Turanci, ka kuma cusa wasu da babu kayan aikin da ya dace da su. Ka maimaita kowace sau uku ko fiye, domin wakilin ba lallai ne ya ba da amsa iri ɗaya kullum ba. Abin da za ka ƙirga shi ne sau nawa ya ɗauki kayan aikin da ya dace, sau nawa ya cike guraben daidai, da sau nawa ya haƙura a inda ya kamata. Kada ka tsaya ga alƙaluma. Ka karanta yadda ya bi mataki-mataki, har da abin da ya yi da aka mayar masa da saƙon kuskure, domin saƙon da ya ce "a rubuta nauyi da kilo" yana ba shi damar gyarawa, wanda lambar kuskure tsura ba ta yi.

Tsawon bayani ba shi ne ingancinsa ba, tunda duk kalmar da aka ƙara wakilin zai karanta ta a kowane aiki, kuma ana biyan kuɗinta. Idan ka zo gyara, ka sauya jimla ɗaya kawai, ka sake gwadawa da buƙatun nan na farko, ka rubuta sakamakon kusa da na baya kafin ka taɓa jimla ta gaba.