Yadda ake gano dalilin ƙarar fankar kwamfuta da yadda ake gyara ta

Kafin ka ɗauki sukudireba, ka fara kasa kunne, domin irin ƙarar da fanka take yi ita ce take nuna inda matsalar take. Idan hucin iska ne mai ƙarfi wanda ba ya yankewa, fankar lafiyarta ƙalau, zafi ne ya yi wa kwamfutar yawa har ya sa take gudu fiye da kima. Idan kuwa gurnani ne ko gurzawa, musamman da zarar an kunna kwamfutar da safe, to boris ɗin da fankar take juyawa a kansa ne ya bushe ko ya cinye. Ƙarar "kaf-kaf-kaf" kuma galibi wata waya ce take taɓa farfela.

A kan huci, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, wato tagar da take nuna manhajojin da suke aiki a Windows, ka duba ko akwai manhajar da ta danne firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da aiki, ka rufe ta. Sannan ka auna zafin da manhaja irin HWMonitor. Kwamfutar da ba ta wani aiki takan tsaya tsakanin digiri 30 zuwa 50 a ma'aunin Salshiyos, wadda kuwa take kaiwa 90 alhali ba a ɗora mata nauyi ba, galibi iska ce ba ta samu. Masu laftof su lura cewa ɗora ta a kan katifa ko bargo yana toshe ramukan da take shaƙar iska ta ƙasa.

Daga nan sai a buɗe. Ka kashe kwamfutar, ka zare wayarta daga soket, ka cire batir idan mai cirewa ne, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi domin ragowar wutar ta fita, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki. A kwamfutar tebur akwai fankar firosesa, da ta jikin akwati, da ta katin hoto (wanda yake fitar da hoto a allon kwamfutar) idan akwai shi, da ta akwatin wuta (wanda yake raba wa sassan kwamfutar wuta). Ka juya kowace da yatsa a hankali, ban da ta akwatin wuta. Wadda ta cije ko take rangaji a kan sandarta, ita ce mai laifin.

Mafi yawan lokuta matsalar ƙura ce, kuma duk wanda ya buɗe kwamfuta bayan hunturu ya san yadda take daskarewa kamar auduga a tsakanin tsagogin ƙarfen da yake ɗauke zafi. Ka fita da kwamfutar waje, ka kakkaɓe da buroshi mai laushi, ka hura da abin hura iska. Sai dai ka riƙe farfelar da yatsa yayin hurawa, domin barinta ta yi ta juyawa da ƙarfin iska yana lalata boris. Idan ka ɗaga ƙarfen da yake ɗauke zafin daga kan firosesa, wajibi ne ka goge tsohon man nan mai launin toka da yake tsakaninsu, ka ɗiga sabo kamar girman ƙwayar wake.

Fankar da take gurnani ana iya lallaɓa ta. A bayanta akwai sitika, a ƙarƙashinta kuma sau da yawa akwai ƙaramin murfin roba. Ka ɗaga su, ka ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, ka juya farfelar, ka mayar. Kada ka yi amfani da man gyaɗa, domin yana yin danƙo, haka nan man feshi na WD-40 ba ya daɗewa yake bushewa. A ganina wannan dabara ta jinkirta sayen sabuwa ce kawai, domin boris da ya cinye ba ya komawa daidai.

Idan za ka canza, ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu. Fankokin akwati yawanci milimita 80 ne ko 120 ko 140, masu aiki da wuta mai ƙarfin bolt 12, kuma kan wayarsu ƙafa uku ne ko huɗu, alhali na laftof sai an dace da samfurin kwamfutar. Wajen ɗaurawa ka bi kibiyar da take gefen fankar, wadda take nuna inda iska take fita, ka kuma ɗaure wayoyi nesa da farfela. Fankar akwatin wuta ce kaɗai ba a so ka taɓa da kanka, domin a cikinsa akwai kafasito masu riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya. Wannan ka kai wa mai gyara, ko ka canza akwatin gaba ɗaya.