Ƙara wa tsohuwar tarakta famfon haidirolik: wuraren da aka fi yin kuskure

Duk wanda ya taɓa yin haro da tsohuwar tarakta ya san wannan takaicin. Ka kai bakin gona, ka taka kuloci don ka juya, sai haron ya ƙi tashi. Dole ka fitar da giya, ka saki kuloci, ka jira ya ɗaga, sannan ka sake takawa. Dalili shi ne famfon haidirolik, wanda ke tura man da ke ɗaga haron, yana kwance a cikin gidan giya, kuma ta hanyar kuloci yake samun juyi. Shi ya sa masu taraktoci daga Kumo zuwa Dadin Kowa suke ƙara famfo na waje wanda injin ke juyawa kai tsaye, musamman idan za a ja tirela mai juye kaya. Aikin yana yiwuwa, amma ana yawan ɓata shi.

Kafin ka sayi komai, a duba kulocin. Da yawa daga cikin Massey Ferguson 135 da 165 suna da kuloci mai hawa biyu: rabin taku yana tsayar da tafiya, sai an kai ƙasa ne famfo da shaf ɗin baya, wato sandar da ke juya kayan aiki a bayan tarakta, suke tsayawa. Idan saitin ya goce, duka biyun sai su yanke tare. Na ga mai tarakta ya zo da kuɗin famfo a aljihu, bakanike ya leƙa ya ce masa, "Alhaji, mayar da kuɗinka, saiti ne kawai." Ba kowane bakanike ne zai faɗa maka haka ba.

Sai kwaɗayin babban famfo. Lissafin ba shi da wuya: ka ninka matsin mai, wanda ake aunawa da bar, da yawan litar da famfon ke turawa a minti, ka raba da 600, ka samu kilowat. Famfo mai lita 40 a minti, a matsin bar 170, yana cin sama da kilowat 11, wato kusan ƙarfin doki 15. Injin 135 bai wuce ƙarfin doki 45 da 'yan kai ba tun yana sabo, balle yanzu da ya ga jiya ya ga yau. Kashi ɗaya cikin uku ke nan ya tafi. A kuma lura da gudun juyi: famfon da aka ƙera don shaf ɗin baya mai juyi 540 a minti ba zai zauna a gaban injin da ke haura 2,000 ba.

Kuskuren da ya fi kashe famfo kuwa a tiyon zuƙo yake, wato wanda ke kawo mai daga tanki. Mutane suna kashe kuɗi a tiyon matsi, sannan su ɗauko ragowar tiyon ruwa su ɗaura a nan, wai ai babu matsi. Babu matsi, amma akwai zuƙa. Da mai ya yi zafi tiyon zai yi laushi ya manne, famfo ya riƙa jan iska, ka ji yana kuka kamar an zuba masa tsakuwa. Wannan kukan cin kansa yake yi daga ciki. Tiyon zuƙo ya zama ya fi na matsi faɗi, mai waya a jikinsa, gajere, ba lanƙwasa da yawa. Tanki ya zauna sama da famfo. In ka buɗe murfin tanki ka ga mai yana kumfa, iska na shiga ta wata mahaɗa a wannan layin, ko da ba ka ga ɗigo a ƙasa ba.

A duba kibiyar da ke jikin famfo kafin a ɗaura. In ya juya a baibai, sil ɗin shaf, wato robar da ke hana mai yoyo, zai fashe nan take. Haka kuma ƙarfen da mai walda zai haɗa don riƙe famfon: in shaf ɗin famfo bai yi daidai da karanshaf ba, mahaɗar za ta riƙa cinyewa duk kaka.

Wasu suna haɗa layi ba tare da bawul ɗin rage matsi ba. Irin wannan famfo mai haƙora bai san tsayawa ba; in silindar da ke ɗaga kaya ta kai ƙarshe, ko tiyo ya fashe ko jikin famfon ya tsage. Bawul ɗin ya zauna tsakanin famfo da hannun sarrafawa, a saita shi da agogon awon matsi, ba da kunne ba. Shi ma hannun sarrafawar, a tabbatar irin wanda ke barin mai ya koma tanki ne idan yana tsakiya. Wanda ke toshe hanya na wani tsarin ne daban, in ka saka shi mai zai yi ta zafi har ka kasa taɓa tanki.

Game da inda za a ɗebi mai, ni na fi son tanki na daban. Jan mai daga gidan giya yana da arha, amma silindar tirela tana shanye lita da yawa idan ta miƙe, sai giya ta zauna da ƙishi a daidai lokacin. In an yi tankin, tiyon dawowa ya nutse ƙarƙashin mai, a sa matata a kansa, murfin kuma ya zama mai numfashi ta matata. Ƙurar hunturu ta Gombe ba ta raina rami, zafin Maris da Afrilu kuma ba ya yafe wa ƙaramin tanki. Baƙin man da aka juye daga injin ba man haidirolik ba ne, ko da an tace shi da tsumma.

Bayan an gama, a gaya wa direba da yaran mota cewa taraktar ta sauya hali. Da, taka kuloci yana tsayar da komai. Yanzu muddin injin na aiki akwai matsi a layi, gwiwa ta taɓa hannun sarrafawa sai tirela ta motsa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin abin da aka ɗaga sai an tokare shi da ƙarfe ko gungume. In ana neman inda ke yoyo, a kara kwali, kada a shafa da hannu. Mai a wannan matsin yana huda fata, kuma ko ramin bai fi tsinin allura ba, a nufi asibiti a take.