Abin da kyamarar waya za ta karanta maka a ƙasar waje, da abin da ba za ta gaya maka ba

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata ya biyo ni shago a nan titin Ahmadu Bello cikin Jos, da fasfonsa a hannu. Bizarsa ta fito, zai bi sahunmu zuwa Guangzhou, garin da mu 'yan kasuwa muke ce wa Gwanzu. Na tambaye shi ko ya yi magana da tafinta. Sai ya ce, "Kawu, ai yanzu waya ta gama komai." Ya jawo wani kwalin fitila mai caji, ya saita kyamara a kan rubutun Sinancin da ke gefe, nan take ya koma Turanci. Na ji daɗin ganin ya iya, amma na zaunar da shi muka yi doguwar magana, kuma ita ce nake so ta kai ga duk wani namu da zai sauka ƙasar da ko allon titi ba zai iya karantawa ba.

Mu da muka fara tafiya kafin wannan fasaha mun san darajarta. Manhajar fassara ta Google Translate ta sa Hausa cikin harsunanta a ƙarshen 2013, fassara ta kyamara kuma ta shigo cikinta a farkon 2015. Kafin nan, sai mutum ya tsaya a tashar jirgin ƙasa yana kwatanta zanen da ke katin otal da na allo, kamar mai neman ɓataccen akuya. Saboda haka ban ce kada a yi amfani da ita ba. A yi, a kuma iya ta sosai tun daga gida.

Shirin daga gida yake farawa, kafin ka kama hanyar Akwanga zuwa filin jirgin Abuja. Ka sami wurin da intanet ke da ƙarfi, ka buɗe manhajar, ka sauke harshen ƙasar da za ka je cikin wayarka domin ta yi aiki ko babu data. Ka haɗa da Turanci, ka haɗa da Hausa, don tun 2023 ita ma ana iya sauke ta. Mai zuwa ƙasar Sin ya zaɓi Sinanci mai sauƙaƙan rubutu, shi ake yi a Gwanzu; tsohon rubutun na Hong Kong ne da Taiwan. Wannan ba abin da za a bari sai an sauka ba ne, domin a cikin ƙasar Sin ayyukan Google a toshe suke, har da Play Store. Ka sa WeChat, manhajar hira ta Sinawa, tun kana nan, akwai fassarar hoto a wajen da ake sikanin, kuma da ita za ka yi magana da duk wani mai kaya. Bayan ka gama, kashe datarka ka gwada a kan kwalin maganin sauro ko takardar janareta. In ta karanta, ka shirya.

Wajen ɗauka, hanya biyu ce. Akwai wadda kake riƙe da wayar fassarar tana bayyana kai tsaye, ta dace da allon titi da maɓallan injin wanki, sai dai kalmomin kan yi ta sauyawa in hannunka na rawa. Duk rubutun da ya wuce layi biyu, ka ɗauki hotonsa tukuna: shimfiɗa takardar, samu haske, kauce wa ƙyallin leda, sannan ka shigar da hoton ka karanta a natse. In kana jin Turanci, ka fassara zuwa Turanci ka kuma duba Hausar, domin Hausar manhajar takan yi tuntuɓe a dogon zance. In su biyun suka saɓa, to akwai abin tambaya.

Inda na fi daɗewa da yaron nan shi ne abinci. A takardar abincin Sinawa, in aka rubuta 肉 shi kaɗai, manhaja za ta ce maka "nama", kuma ba ta yi ƙarya ba. Abin da ba za ta faɗa ba shi ne, a al'adarsu nama in ba a ambaci dabbar ba, yawanci na alade ake nufi. Na sa da na rago da na kaza sukan zo da sunansu. Haka abincin da aka fassara maka da "ganye soyayye" yana iya kasancewa da kitsen alade aka soya shi, ko an zuba masa giyar girki, kuma babu ɗayansu a rubuce. Don haka akwai alamomi uku da nake so kowa ya haddace da idonsa, kamar yadda ya san tambarin motar da yake so: 清真 halal ke nan, 猪 alade, 酒 giya. Wajen unguwar Xiaobei a Gwanzu gidajen abincin Musulmi ba su da wuyar samu, alamar farko za ka gani a ƙofa, galibi da koren allo. Ɗalibanmu masu zuwa Turai su ma su riƙe nasu kalmomin da ke nuna alade: Schwein da Speck a Jamus, porc da lardons a Faransa, domuz a Turkiyya. A bayan ledar alewa da yogot a nemi jelatin, sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabba, don manhaja za ta karanta sunansa, amma ba ta san daga wace dabba aka samo shi ba.

Sai lambobi. A ƙasar Sin shekara ake fara rubutawa, sai wata, sai rana, kuma kwanan watan da ke jikin kayan abinci sau da yawa ranar da aka yi shi ne, tsawon lokacin da zai ɗauka bai lalace ba yana wani layin dabam. Alamar 万 dubu goma ce. In ka ga 8折 a shago, kashi 80 na farashin za ka biya, ragin kashi 20 ne kawai. A Jamus da Turkiyya 1.500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, 2,5 kuma biyu da rabi. Wannan waƙafin a jikin kwalbar magani ba abin wasa ba ne, musamman maganin yara. Ka karanta da waya domin ka san me ke hannunka, amma adadin da za a sha ka sa mai kantin maganin ya rubuta maka da lamba, ya nuna maka da cokali.

Ni kaina na taɓa yin asara a kan kalma ɗaya. Na ba wani mai masana'anta kuɗin kafin alƙalami a kan kaya, ya rubuta mini rasit, na ɗauka da waya, ta ce kuɗin ajiya ne, na sa hannu. Da ciniki ya warware daga ɓangarena na nemi kuɗina, ya nuna mini takardar ya ce babu. Sai daga baya wani ɗalibi ɗan Bauchi da ke karatu a can ya fahimtar da ni. Kalmomi biyu ne masu furuci iri ɗaya, 定金 da 订金, manhaja kuma takan ba su fassara ɗaya. Ta farko jingina ce a dokarsu: in mai saye ya fasa, kuɗin ya tafi, in mai sayarwa ne ya fasa, ya biya ninki biyu. Ta biyu kuɗi ne da aka gabatar, wanda yawanci ake iya mayarwa. Ta farkon ce a rasit ɗina. Tun daga ranar, takardar haya, yarjejeniyar kaya, ko wasiƙa daga hukuma, nakan fara karantawa da waya don in san inda aka dosa, amma ba na sa hannu sai mutum mai jin harshen ya duba. Abin da za ka ba tafinta bai kai kwatar abin da za ka rasa ba. Ga shi rubutun hannu, wanda da shi ake cike yawancin rasit a kasuwa, shi ne ya fi ba kyamara wahala.

Takardun hukuma kuwa kada ka ajiye su a jaka ka ce sai ka huta. A ƙasar Sin baƙo yana da awa 24 ya yi rajistar masauki. Otal zai yi maka, amma in a gidan wani ka sauka, kai za ka je ofishin 'yan sanda. Wuce wa'adin biza tarar yuwan (kuɗin Sin) 500 ce a kowace rana. A Jamus rajistar adireshi mako biyu ne bayan ka tare. Duk takardar da aka miƙo maka, ka ɗauke ta a ranar, ka nemi kwanan watan da ke ciki kafin komai.

Ka kuma lura da inda kake ɗaga waya. A wajen jami'an shige da fice da shingen tsaro ba a ɗaukar hoto, ko da niyyarka karanta sanarwa ce. Ka tambayi jami'in. Katin banki da shafin fasfo kada ka shigar da su manhajar fassara, don hoton na iya barin wayarka ya tafi kwamfutocin kamfani.

Da yaron ya tashi tafiya, na ɗauko wani ɗan kati na sa ya kwafi alamomin nan uku da hannunsa. A bayansa za a rubuta adireshin masaukinsa da Sinanci da lambar ɗalibin da zai tare shi, ya sa cikin fasfo. Tafiyar daga Abuja ta Addis Ababa zuwa Gwanzu doguwa ce, kuma na sha ganin 'yan uwa sun sauka filin jirgin Baiyun da wayar da cajinta ya ƙare tun a sama.