Yadda Za Ka Mayar da Talabijin Mai 4K Allon Kwamfutarka

Shekara biyu ke nan ina gyaran hotunan biki da tsara katin gayyata a kan talabijin. Kuɗi ne ya kai ni. Allon kwamfuta mai 4K ya fi ƙarfin aljihuna, ga kuma talabijin mai inci 43 a shagunan Sabon Gari da farashin da zan iya. Ɗigonsa 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, wato ninki huɗu na allon 1080p da muka saba da shi. Kamar ka jera allo huɗu masu inci 21 da rabi ne, babu baki a tsakaninsu.

Ka tsaya a inci 43. Wanda ya kai 55 ya yi wa tebur yawa, wuyanka zai gaji da juye-juye kafin la'asar. Ka zauna kamar nisan mita ɗaya daga allon.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne wurin HDMI, wato rami da wayar da ke haɗa kwamfuta da talabijin. Tsohon HDMI 1.4 yana ɗaukar 4K, amma hoto 30 kacal a daƙiƙa. Za ka ga kibiyar maus tana jan ƙafa, rubutu yana tsalle in ka gangara shafi, sai ka ɗauka talabijin ɗin ne ya lalace. Abin da kake buƙata shi ne HDMI 2.0, wanda ya fito a 2013, mai ba da hoto 60 a daƙiƙa. Kuma dole ɓangarorin uku su yarda: kwamfuta, wayar HDMI da talabijin. Ni laftop ɗina EliteBook 840 G3 ce, ba ta da HDMI ko kaɗan, sai DisplayPort, wani irin ramin jona allo. Na fara sayen ƙaramar mahaɗa mai araha ta DisplayPort zuwa HDMI, ta tsaya a 30. Sai da na nemi wadda aka rubuta mata 4K 60Hz sannan aiki ya miƙe.

Ko da komai ya dace, talabijin da yawa suna zuwa da damar cikakken HDMI 2.0 ɗin a kashe. A Samsung ka kunna Input Signal Plus, a LG kuma HDMI Ultra HD Deep Colour, a Hisense ka mayar da tsarin HDMI zuwa Enhanced. Ka duba jikin ramukan ma, wani lokacin ba duka ne ke ɗaukar cikakken 4K ba.

Na biyu shi ne tsabtar rubutu, kuma wannan ya fi damuna saboda aikina. An ƙera talabijin don kallon fim, shi ya sa yake rage bayanan launi. A fim ido ba ya lura, amma jan rubutu a kan baƙi sai ka ga ya yi dushi-dushi. Maganinsa ka shiga jerin mashigai da rimot, ka sanya wa ramin da ka jona suna PC. Hakan ne ke buɗe cikakken launi da ake kira 4:4:4. Daga nan ka rage Sharpness, ka kashe duk abin da ke ƙara wa motsin hoto sulɓi, ka kunna Game Mode don maus ya daina jinkiri. In gefen allon ya yanke, a LG ka zaɓi Just Scan.

A Windows ina barin girman rubutu a kashi 125, wani ya fi jin daɗin 150. Ka buɗe ClearType ka bi matakansa, yana gyara haruffa sosai.

Kafin ka biya, ɗauki laftop ɗinka da wayar HDMI ɗinka ka je shagon, a jona a gabanka, ka buɗe takarda mai ƙananan haruffa masu launi ka karanta. In mai shago ya ƙi, akwai na kusa da shi. Sannan ka ware kuɗin sitabilaiza tun farko, don hawa da saukar wuta ba ya barin talabijin lafiya.