Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Ƙaramar Taraktar Lambu

Fenti shi ne aiki na ƙarshe. Da wannan zan fara, domin a nan na ga yawancin sababbin shiga suna tuntuɓe. Mutum zai samo tsohuwar Cub Cadet, ko Wheel Horse, ko John Deere 110 irin wadda ta fara fitowa a 1963, ya kwance ta kaf, ya shafe watanni yana kankare tsatsa yana feshi, sai ranar tayarwa ya tarar injin ko motsi ba ya yi. Daga nan jiki ya yi sanyi, taraktar ta ƙare a cikin kwalaye. Ka fara jin muryar injin tukuna, ka hau ta ka zaga fili, sannan a yi maganar kwalliya.

Kafin ka ɗora sifana a kan komai, ɗauki hotuna ta ko'ina, musamman wayoyi da ƴan sandunan da suka haɗa kafireta da gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji. Nemo ɗan allon lambar da ke jikin injin ka rubuta ta. Yawancin waɗannan taraktoci injin Kohler jerin K ne a cikinsu, mai silinda ɗaya: K161 ƙarfin doki 7, K241 doki 10, K301 doki 12. Da lambar nan za ka sayi gaskit da kayan kafireta da suka dace.

Yanzu ga inda ake ɓarna. Kada ka sa batir ka murɗa makulli don ka ga ko za ta tashi. Cire fulogi, ka kama fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da fukafukai da ke juyawa tare da injin, da hannu biyu ka gwada juya shi. In ya juya, ka yi sa'a. In ya ƙi, to ko ringi ya manne da bangon silinda saboda tsatsa, ko bawul ya maƙale. Zuba man da ke ratsa tsatsa ta ramin fulogi, ka bar shi ya kwana, gobe ka ƙara, jibi ma haka. Kullum ka ɗan rausaya fulawil gaba da baya, a hankali. Zai fara da motsi kamar kaurin farce, wannan ɗin shi kake nema. Na sha ganin mai gaggawa ya zura dogon ƙarfe tsakanin fukafukan fulawil ya danna da ƙarfinsa, fiffike ya ɓalle, kuma fulawil mai ɓallallen fiffike ya tashi daga aiki, girgizarsa kaɗai ta isa ta lalata inji. Wani kuma ya ɗaura ta a bayan mota ya ja cikin giya, ya karya ringi ko sandar fistin.

In mako ya wuce ba labari, cire kan injin. Abu ne mai sauƙi, don bawul ɗin a gefen silinda suke, kan kuwa murfi ne kawai da ƙusoshi. Za ka ga fistin da bawul biyu da idonka, ka san wanne ne ya cije. Tunda ka buɗe, kankare baƙin da ya taru, ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi ka goga fuskar kan har ta daidaita, ka sa sabon gaskit. Tsohon gaskit ba a mayar da shi, komai kyansa a ido. Bayan injin ya yi zafi ya huce, ka sake ɗaure ƙusoshin.

Wannan tsarin na bawul a gefe shi ne dai a injin Willys CJ-2A ta 1945, jif ɗin da aka tallata wa manoma bayan yaƙi, har da sandar juya injinan gona a bayanta. Land Rover ta farko ta 1948 ma da tunanin gona aka ƙera ta, jiki alminiyam, ƙashi ƙarfe, shi ya sa za ka ga jikinta garau alhali tsatsa ta cinye ƙarƙashi. A kan irin waɗannan motoci na koyi gyara, kuma har yau ina kewar su, su da Land Cruiser FJ40. In ta mutu maka a dokar daji, ka buɗe bonet ka ga komai a sarari, ka goge kontak, ka busa tiyon mai, ka ci gaba da tafiya. Ƙaramar taraktar nan ita ce hanya mafi arha da ta rage ta sake taɓa irin wannan inji.

To, ya juya. Har yanzu kada ka tayar. Zubar da tsohon baƙin mai, ka duba ko akwai ruwa ko ɓurɓushin ƙarfe a ciki, ka zuba sabo mai lamba 30 har ya kai alama. Waɗannan injinan ba su da famfon mai, ba su da matata. Wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar fistin yake dukan mai yana watsa shi. In mai ya yi ƙasa, sandar ta cije a kan kuranshaf, ƙarfen da take juyawa, wani lokaci ta fasa jikin injin ta fito. Sannan cire murfin ƙarfen da ya rufe fulawil. Iska ce ke sanyaya injin, kuma ɓeraye na son yin sheƙa a nan. Za ka zaro ciyawa da tsumma cike da hannu.

In ka sa ma'aunin matsin iskar silinda ka ga lamba ƙasa, kada ka yanke wa injin hukunci. Yawancin Kohler K na bayan tsakiyar shekarun 1960 suna da wata dabara da ke ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi lokacin tayarwa don sauƙaƙa juyi, saboda haka ma'aunin ƙarya zai yi maka. An kwance lafiyayyun injina da yawa a banza saboda wannan.

Sai wuta. Goge bakin kontak, wato ƴan ƙarafan nan biyu da ke haɗuwa su rabu don a samu tartsatsi, ka saita tazararsa rabin milimita, ka canza kondensa da fulogi tunda ba su da tsada. Jingina fulogin da jikin inji ka juya, kana son tartsatsi shuɗi mai ƙara. Kada ka bar makulli a kunne inji na kashe, kwayil da kontak za su ƙone.

Fetur ɗin da ya shekara yana zama danƙo mai wari. Ni ba na yarda da tsohon tanki a tayarwar farko: rataya ƙaramar gora mai tsabta da sabon tiyo. Kwance kafireta, ka ƙirga zagaye nawa kowace allurar saiti take kafin ka cire ta, ka wanke, ka busa kowane rami da iska. Kada ka zura waya a ramukan, za ka buɗa su. In da hali ka gyara ta asalin, ta fi sababbin kwaikwayo masu arha da ake sayarwa a intanet.

Tayar a waje, giya a furi, bel ɗin wuƙaƙen yanka a cire, domin tsofaffin nan da yawa ba su da makunnin da ke kashe inji in ka sauka. Hannunka na kan makulli. In gudun ya haura ba ya tsayawa, kashe nan take, gwamna ne bai kama ba. Iyakar gudun injin juyi 3,600 ne a minti.

Sauran aikin ba wuya. Canza man giya, ka sa giris a duk inda akwai ɗan nonon ƙarfen ɗura giris, ka duba birki da sitiyari. Tayoyin da suka tsage ka sa musu tib in suna da sauran ƙarfi. Yi aiki da ita ƴan makonni, duk inda mai ke yoyo zai nuna kansa, ka toshe. Sannan ka wanke maiƙo, ka kankare tsatsa har farin ƙarfe, ka sa fentin ƙasa, ka bi da launinta na asali: rawaya da fari in Cub Cadet ce, ja in Wheel Horse ce, kore da rawaya in John Deere ce.