Yadda Muka Rage Tarkacen Ɗakin Inna Ba Tare da Mun Ɓata Ba

Kuskurena na farko shi ne na jira Inna ta tafi biki ƙauye, na kira yara muka kwashe mata ɗaki. Buhu huɗu muka fitar: ledoji, gwangwanayen madara, fasassun robobi, silifa wari-wari. Da ta dawo ta tsaya bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon ɗakin, sannan ta ce, "Ashe tun ina da rai aka fara rabon gado." Kusan wata guda ba ta taɓa abincin da nake aiko mata ba. Idan kuna da tsoho ko tsohuwa mai tara kaya, kada ku bi ta bayan idonsu. Kayan nasu ne, kuma Allah Ya hana mu ce musu ko "uf" a Suratul Isra'i, aya ta 23, balle mu zubar musu da abin da suka adana.

Da muka shirya, sai na koma zama da ita bayan la'asar, ina tambaya kawai. A nan na gane dalili. Inna ta ga farin 1973, lokacin da dabbobi suka mutu, hatsi ya yi wuya. Ta bi layin madara da sabulu a 1984. Wanda ya ga wannan, ledar burodi ma a wajensa tana da rana. Kowane kaya kuma da labarinsa: fantekar nan kakata ce ta saya mata a kayan ɗaki, langar can ta zuwa sunan yayana ce. Na lura in ta gama ba da labarin abu, hannunta yakan yi sauƙin sakinsa. Don haka ku ba labarin lokaci, shi ne rabin aikin.

Ku fara da abin da zai iya cutar da ita, kuma ku faɗa mata dalili ƙarara. Mu mun fara da hanyar da take bi daga gado zuwa ƙofa, domin da asuba a duhu take fita alwala, ga shi tsoho in ya faɗi ya karye a ƙugu, da wuya ya koma yadda yake. Sai magunguna: kwalin takalmi cike da ƙwayoyin hawan jini, wasu wa'adinsu ya wuce da shekaru. Sai wani buhun gero a bayan gado da ɓeraye suka mayar gida. Na gaya mata fitsari da kashin ɓera a abinci su ke kawo zazzaɓin Lassa, ba ta yi gardama ba. Tulin tsummokaran da ke kusa da inda take kunna maganin sauro ma a ranar muka ɗauke.

Kalmar "zubarwa" kuwa na daina furta ta. Nakan ce, "Inna, atamfofin nan da ke cikin adaka, akwai marainiyar da za a aurar a layinmu." Sai ta zaɓa da kanta, ta ninke, ta miƙa da hannunta. Abin da ba za ta yarda ya tafi bola ba, da murna take bayar da shi sadaka. Tsofaffin tukwanen da suka ɓule 'yan gwangwan suka auna suka saya, kuɗin na damƙa mata gaba ɗaya. Akwati ɗaya muke yi a rana, in ta ce ta gaji mu rufe.

Kada ku jefar da ƙulli ko leda ba ku kwance ba. A cikin wani tsohon ɗankwali muka sami takardar filin Baba, a wani ƙullin kuma 'yan kunnen zinariya da tsofaffin Murtala na takarda. Takardun da ke da ayoyi ko sunan Allah kuwa a ware su, a ƙona ko a binne a wuri mai tsarki.

Akwai batun da nake so ku ɗauka da muhimmanci. Tsofaffi sukan ce, "Wannan na wance ne in na mutu." Wasiyya ga magaji ba ta tsayuwa sai sauran magada sun yarda, ga wanda ba magaji ba kuma ba ta wuce sulusi. Idan da gaske tana son ba wani, ta ba shi yanzu a gaban shaidu, ya karɓa ya tafi da shi. Ku sanar da duk 'yan'uwa kafin wani abu mai daraja ya bar ɗakin, har da na nesa.

Idan kuwa tarawar sabuwa ce, ga mantuwa, ga ɓoye abinci a ƙarƙashin katifa, ga zargin ana mata sata, to wannan ya wuce gyaran ɗaki. Ku kai ta wajen likita.

Mun ɗauki wata biyar. Fantekar da jeren kwanukan samira suna nan a kan kabet, ban taɓa su ba. Ledoji kuwa mun yi yarjejeniya: bokiti ɗaya ne nata, in ya cika sai ta aika wa mai ƙosan bakin layi.