In Allah ya kai ka Holan lokacin furanni, ga yadda za ka shiga lambun Keukenhof

Tunda na dawo daga ɗan kwas ɗin noman rani da aka tura mu Holan, mutanen mu na nan Kura da Garun Malam suke ta tambayata batun hotunan furen nan da na ɗora, wani ƙanena ma da zai tafi karatu can cewa yayi Yaya don Allah ka rubuta min komai, shine nace bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya amfana.

Sunan wajen Keukenhof, yana wani gari da ake kira Lisse, tsakanin Amsterdam da Leiden. Tun 1950 ake buɗe shi, girmansa hekta 32, kuma duk shekara ana dasa wajen miliyan bakwai na ƙwayar fure, da hannu fa ba da inji ba. Sati takwas kacal yake a buɗe, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, a cikin kwanakin nan mutum sama da miliyan ɗaya ke shiga, to kai ka lissafa cunkoson. In so samu ne ka je tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshensa, lokacin tulip, furen da aka fi sanin wajen da shi, ya buɗe sosai. Amma ka kiyayi Asabar ɗin da ake jerin gwanon motocin fure daga Noordwijk zuwa Haarlem, ranar ko hanya ba ta biyuwa.

Tikiti ta intanet ake saye, kuma za ka zaɓi rana da sa'ar shiga, kar ka ce sai ka je bakin ƙofa. Akwai wanda ya haɗa da kuɗin bas, shi ya fi sauƙi ga baƙo. Ka zaɓi na sassafe. Ƙarfe takwas suke buɗewa, ni dai ina idar da Asuba na shirya, kuma wallahi awa biyun farkon nan su suka biya min kuɗina, raɓa na kan ganye, ba hayaniya, kana jin kukan tsuntsaye. Wajen sha ɗaya manyan bas-bas na 'yan yawon buɗe ido suka fara sauke mutane, kafin azahar wajen ya koma kamar kasuwar Wudil ranar Juma'a, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa waya a sama. Don haka da ka shiga kar ka tsaya hoto a bakin ƙofa inda kowa ke cincirindo, ka karɓi taswira ka miƙe can ƙarshe wajen tsohon injin iskar nan mai fukafukai, ka hau samansa tun ba layi, daga nan za ka hango gonakin fure na waje shimfiɗe layi-layi ja da rawaya kamar an baza atamfa. Sai ka dinga dawowa a hankali. Rumfunan furanni masu rufi, irin waɗanda ake kira Willem-Alexander da Beatrix, ka bar su sai in ruwa ya sauko ko iska ta dame ka.

Sanyi kuwa kar rana ta ruɗe ka. Za ka ga gari fes amma iskar teku na ratsa ƙashi, ta fi ta hunturun Kadawa da asuba lokacin ban ruwan alkama, ga yayyafi da ba ya sallama. Ka sa rigar sanyi a ƙarƙashin kaftaninka, safa, da takalmi rufaffe mai laushi don hanyoyin ciki sun kai kilomita 15. Wani abokin tafiyarmu da silifas ya je, kafin sha biyu ya nemi benci ya zauna bai ƙara gaba ba.

Abinci na ciki da tsada kuma sai ka tambaya, burodinsu da yawa akwai naman alade a ciki. Ana barin mutum ya shiga da nasa, ni burodi da dabino da ruwa na ɗauka, na ƙara da soyayyen dankali a can. Kilishi ko dambun nama kar ka soma ɗaukowa daga gida, ba a shiga ƙasashen Turai da nama, a filin jirgi za a karɓe. Ka riƙe katin banki don sun fi son kati akan tsabar kuɗi. Sallah kuma da sauƙi, matafiyi ne kai, ka yi alwala ka nemi gefe mai natsuwa ka shimfiɗa dardumarka, rana ma sai wajen tara na dare take faɗuwa a ƙarshen Afrilu.

To yanzu ga abinda yasa na zauna rubutun nan. Yawancin masu shiga launi kawai suke kallo, amma kai ɗan manomi ne, ka durƙusa ka dubi ƙasa. Ni da na tsuguna gefen wani fangali na murza ƙasar a hannu sai naga rairayi ce, jigawa sak irin ta wajen Ringim da Gumel wadda muke cewa sai gero da gyaɗa, ita suka gyara da taki, suka zagaye gonakin da magudanan ruwa suna riƙe ruwan ƙasa daidai inda saiwa ke so, ba ya kwanciya ba ya ƙafewa. Tulip ɗin kansa ƙwaya yake yi a ƙasa kamar albasa. Tun Oktoba zuwa Disamba suke dasawa, kuma hawa-hawa suke yi a rami ɗaya, mai jinkirin fitowa a can ƙasa, mai saurin fitowa a sama, wannan na bushewa wancan na tasowa, shi yasa sati takwas ba ka ganin fili ya yi fayau. Kaga dai dabarar gero da dawa da wake ce da iyayenmu ke yi a gona ɗaya. Ƙwayar ma manoma kusan ɗari ne ke bayarwa, kowane fili da allon sunan mai shi da sunan irin, wato talla suke yi wa masu saye daga ƙasashen duniya. Ka dinga ɗaukar hoton allon tare da furen.

Abinda ya fi taɓa ni shine a gonakin waje, ƙarshen Afrilu, naga inji yana bi yana sare kawunan furen suna zubewa a kwari. Raina ya ɓaci na tambayi malaminmu, yace ai su ƙwayar suke nema, in an cire furen ƙarfin shukar ƙasa yake komawa. Nan take na tuna yadda Baba ke karya tohon albasa in ta fara neman fure. Gonakin nan fa na mutane ne, kar ka shiga ciki don hoto, takalmi na ɗauko cuta, kai ma ba za ka so baƙo ya tattaka maka fangalin albasa ba. Ka tsaya a bakin hanya, ko ka hayi keke a wajen ƙofa ka zaga.

A shagunan fita za ka ga ƙwayar tulip cikin leda mai kyau, zuciya za ta ce saya wa Inna. Ka haƙura. Sai ta sha sanyi irin na firij kusan wata uku kafin ta yi fure, zafin Kano ruɓar da ita zai yi, kuma shigo da iri Najeriya sai da takardar shaidar lafiyar shuka, jami'an kwarantin na dubawa a filin jirgi. Ni ɗan takalmin katakonsu na sayo wa yara, sai ƙaramin littafin da na cika da zanen magudanan ruwan nan, wanda bana nake son gwadawa a gefen gonar tumatir ɗinmu inda ruwa ke kwanciya.